Yadda ake shirya sansanin hutu ta intanet don yara masu ciwon ƙoda a Kaduna

Yaron da ke ɗauke da ɗaya daga cikin cututtukan ƙoda da ba kasafai ake samu ba yana iya girma bai taɓa haɗuwa da wani irinsa ba. A ajinsu shi kaɗai ke zuwa da kumburarren ido, a gida shi kaɗai ake ɗebar wa miya kafin a saka gishiri, ranar asibiti kuma kowa ta kansa yake yi, uwa na riƙe da kati tana lissafin kuɗin gwaji, babu sukunin da yara za su san juna. Magani aikin likita ne. Abin da sansanin hutu zai yi shi ne ya nuna wa yaron wata fuska da firednisolon, maganin da ake ba yawancinsu, ya cika kamar tasa, ya sami wanda ba sai ya yi wa bayani ba.

A Amurka an daɗe ana yin haka. A 1988 ɗan wasan fim Paul Newman ya buɗe sansani a jihar Konetikat don yara masu cututtuka masu tsanani, su kwana can, su yi wasa, likitoci na kusa. Da korona ta zo a 2020 aka rufe irin waɗannan wurare, sai da yawansu suka koma intanet: a aika wa yaro kayan wasa gida, a haɗu ta bidiyo. Abin da suka yi bisa tilas ya dace da halinmu ko babu annoba. Yaranmu a warwatse suke, wani a Rigasa, wani a Sabon Tasha, wani a Zariya ko Kafanchan, kuɗin mota ya yi tsada, kuma da yawansu suna shan magungunan da ke raunana garkuwar jiki, tara su wuri guda yana da haɗari.

Ƙa'idata guda ce a duk matakan da ke tafe: ku gina komai a kan wayar da ta fi kowace rauni da yaron da ya fi kowa gajiya. Idan su sun iya shiga, kowa zai iya.

Mataki na farko: ku fara da likita

Kafin ku buɗe zauren WhatsApp ko ku nemi taimakon kowa, ku je sashen yara na asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku nemi ganin likitan da ke duba masu ciwon ƙoda. Kuna buƙatar likita ɗaya da zai duba tsarinku, ma'aikaciyar jinya ɗaya da za ta kasance a kowane zama, da masaniyar abinci in an samu.

Kada ku nemi a ba ku sunayen marasa lafiya. Likitan kirki ba zai bayar ba, kuma gaskiyarsa. Ku buga ƙaramar takarda da Hausa da Turanci mai ɗauke da bayanin sansanin da lambar mutum ɗaya, ma'aikatan jinya su miƙa wa iyaye ranar ganin likita. Wanda yake so zai kira.

Mataki na biyu: ku san yaran

Ciwon ƙoda ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin zai shafi yadda za ku tsara zaman. Mafi yawan waɗanda za ku samu masu ciwon nefrotik ne, inda ƙoda ke zubar da furotin a fitsari, fitsarin ya yi kumfa, ido da ƙafa da ciki su kumbura. Wasu firednisolon yana yi musu aiki, ciwon ya lafa ya dawo. Wasu ba ya yi musu, musamman masu nau'in da likitoci ke kira FSGS, wanda bincike tun 2010 ya danganta shi da sauye-sauyen ƙwayar halittar APOL1 da suka yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma. Za ku iya samun mai ciwon Alport, wanda ake gado, ya fi tsananta a maza, kuma yakan taɓa ji. Za ku iya samun mai sistinosis, wanda haske ke damun idonsa. Akwai waɗanda sikila ta taɓa wa ƙoda, akwai masu wankin ƙoda, akwai wanda aka yi wa dashe.

Ku kira kowane gida ku yi hira da uwa ko uba. Ku tambayi shekarun yaron, yaren da ya fi sakewa da shi, ranakun asibitinsa, lokacin shan maganinsa, ko yana ji da gani sosai, da abin da yake so a rayuwa, ƙwallo ne ko zane ko ƙira'a. Tambaya ɗaya kada ku manta da ita: me yaron ya sani game da ciwonsa? Akwai gidajen da ba su gaya wa yaro komai ba, kuma bai kamata ya fara ji daga bakin baƙo a waya ba.

Ku raba su rukuni biyu, 'yan shekara 7 zuwa 11 da 'yan 12 zuwa 16, kowane rukuni yara 8 zuwa 10. Da sun wuce haka, mai kunya ba zai taɓa buɗe baki ba. Ku bar ƙanne da yayye su zauna a gefe su shiga wasa. Su ma sun daɗe suna ganin hankalin gida ya koma kan mutum ɗaya.

Mataki na uku: waya, data da lokaci

Nan ne sansanin ke tsayawa ko ya rushe, don haka zan daɗe a kai.

A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, kuma tana aljihun Baba ko babban yaya, ta fita da safe sai dare. Idan kuka sa zama ƙarfe 10 na safiyar Talata ba ku tambaya ba, rabin yaran ba za su zo ba, ku zaci ba sa so. Ku tambayi kowane gida wayar wa za a yi amfani da ita, kuma yaushe take gida. Gidan da ba su da ita, ku ara musu. Wayoyi biyar tsofaffi masu aiki da za ku tara daga 'yan uwa da abokan arziki sun fi muku amfani da kowace irin sanarwa. Ku goge duk abin da ke ciki, ku saka manhajar da ake buƙata kawai, uba ko uwa su sa hannu cewa za a dawo da ita.

Ku yi amfani da abu biyu tare. WhatsApp shi ne gidan sansanin, a nan ake aika saƙon murya, hoton zane da sanarwa, kuma lambobin iyaye ne a ciki, ba na yara ba. Zaman kai tsaye kuma a yi shi a Zoom ko Google Meet. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, na Google Meet bayan minti 60. Ni na fi son iyakar minti 40 ɗin, domin yaron da jininsa ya yi ƙasa ba ya iya wuce haka yana kallon allo.

Bidiyon taro na awa ɗaya yana iya cinye daga rabin giga zuwa fiye da giga ɗaya, murya kaɗai kuwa abin da take ci kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka a kunna kyamara lokacin gaisuwa da lokacin nuna abin da aka yi, a kashe lokacin tatsuniya. Ku tura data kai tsaye zuwa layin da za a yi amfani da shi, da safiyar ranar zama. Kada ku tura kuɗi a madadinta. Gidan da ke sayen magani kowane wata, in kuɗi ya shigo hannu magani za a saya, kuma babu mai ganin laifinsu. Ku tambayi layin da ya fi kamawa a unguwarsu, don wanda ke gudu a Malali yana iya yin rarrafe a Hayin Rigasa.

Dogon hutun Agusta ya fi dacewa. Babu makaranta, kuma sanyin damina yana rage wa masu ƙayyadadden ruwan sha wahalar ƙishirwa, saɓanin zafin Maris da Afrilu. Amma ruwan sama yana taɓa sabis, a ɗauke wuta, sola ma ba ta caji sosai. Don haka kowane zama ya kasance yana da madadinsa: da an gama, mai jagora ya aika taƙaitaccen saƙon murya na minti 3 da aikin ranar, yaron da sabis ya yanke masa ya yi nasa ya turo. Kada ku jera kwana biyar a jere. Ku yi zama 6 cikin mako 2, kuna kauce wa lokacin Islamiyya, sallar Juma'a, safiyar Lahadi da ranakun wankin ƙoda. Kaduna ce, Musulmi da Kirista za ku samu, a buɗe da addu'ar kowa.

Mako guda kafin farawa, ku kira kowane gida ta bidiyo na minti 5, ku koya wa yaro da uwarsa inda ake kunna murya da inda ake kashewa. Idan kuna son gwada tsarin gaba ɗaya tun da wuri, ku yi zama ɗaya a Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda ake yi Alhamis ta biyu a watan Maris tun 2006.

Mataki na huɗu: sirri da tsaron yara

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin uwa, uba ko mariƙi za a tattara bayanan yaro, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsananta wa. Ku rubuta takardar amincewa, ku karanta ta da Hausa ga wanda ba ya karatu.

Ƙa'idojin da ba a sassautawa: manya biyu a kowane zama, babu babban da zai tura wa yaro saƙo shi kaɗai, babu ɗaukar hoton allo, mahaɗar shiga ba ta fita daga zauren iyaye, kuma mai jagora ne ke buɗe wa kowa ƙofa da sunansa. Yarinyar da ba ta son kunna kyamara saboda fuskarta ta kumbura, a ƙyale ta. Sau da yawa idan ta ga wasu sun kunna, da kanta za ta kunna.

Kuma don Allah kada ku yi amfani da hoton kumburarren yaro wajen neman tallafi. Na san yana jawo kuɗi. Amma hoton zai zauna a intanet har yarinyar ta girma, 'yan ajinsu su gani, wata rana dangin mai neman aurenta su gani. Ku nuna wa masu taimako zanen yaran, ya isa.

Mataki na biyar: kwalin sansani

Kowane yaro ya sami ɗan kwali da sunansa a rubuce: littafin zane, fensir masu launi, almakashin yara, gam, riga iri ɗaya da ta kowa mai ɗan faɗi saboda kumburi, ƙaramar rariya, da kofi mai layukan awo. Kada ku saka abin ci ko kaɗan, ko biskit ko dabino, don abin da ya halatta ga wannan an hana wancan. A raba ranar asibiti, na nesa a ba direban da aka sani a tashar Kawo ko wadda ta fi kusa.

Mataki na shida: abin da za a yi a zaman

Kashi uku cikin huɗu wasa ne, kashi ɗaya ilmi. Yaran nan sun gaji da jin maganar ƙoda. Masu jagora su zama matasa masu fara'a, ɗaliban jinya ko na likitanci sun dace, yara su kira su Yaya da Anti. Likita in ya shigo ya ajiye farar riga.

Kowane zama a fara da kiran sunan kowa, a jira ya amsa. Sannan wasa. Abin da muke da shi a gida ya fi dacewa da waya fiye da duk abin da za a kwaso daga waje, domin da baki ake yinsa. Anti ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su buɗe murya gaba ɗaya su ce "Ta zo mu ji ta," ta fara labarin Gizo da Ƙoƙi, ta tsaya a tsakiya, kowane yaro ya ƙara jimla ɗaya har a kai "Ƙurunƙus." Kacici-kacici a raba su gida biyu, wanda ya kasa ya ba da gari. Gasar ƙarasa karin magana. Farautar kaya: "Wa zai fara kawo mini abu ja daga ɗakinsu?" Wanda ba ya iya tashi ya aiki ƙaninsa, an ƙirga masa. Wata rana a ƙera mota da kwali, wata rana kowa ya zana unguwarsu ya zagaya da mu.

Idan akwai mai matsalar ji, mai magana ya fuskanci kyamara, ya yi a hankali, wani ya riƙa rubuta muhimman kalmomi a akwatin saƙo. Mai ciwon ido a rage masa hasken allo, ko ya bi da kunne kawai.

Darasin ƙoda sau biyu ya isa. Na farko da rariyar da ke cikin kwali: yaro ya zuba gari da ɗan tsaki ya tankaɗe, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka lafiyayyar ƙoda take fitar da datti ta riƙe furotin. Sai Anti ta nuna tata rariyar da ta ɓule, tsaki na zubowa. Yaro ɗan shekara 8 zai gane dalilin kumfar fitsarinsa a nan take, ya kuma gane cewa ba wani laifi ya yi ba. Wannan jimlar a faɗe ta a fili, domin yara da yawa suna zaton abin da suka ci ko rashin jin maganarsu ne ya jawo.

Na biyu na rukunin 'yan 12 zuwa 16 ne: yadda ake tsoma takardar gwaji a fitsarin farko na safe, a gwada launinta da na jikin kwalba, a rubuta a littafi. Ma'aikaciyar jinya ta bayyana cewa idan ta nuna 3+ kwana 3 a jere, alamar ciwon ya dawo ne, a sanar da likita. A nan ne kuma za a bar matasan su yi maganar da ba sa yi a gida: tsokanar 'yan aji, ƙibar magani, ƙurajen fuska, gajarta, yunwar da firednisolon ke sawa, saurin fushi. A raba maza da mata a wannan zaman. Za ku ji wani ya ce ya taɓa ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa don kada fuskarsa ta ƙara cika. Kada a yi masa faɗa. A bar ma'aikaciyar jinya ta bayyana cewa daina firednisolon farat ɗaya yana da haɗari, a kuma taimaka masa ya gaya wa likitansa. Tambayar azumi ma za ta taso. Amsarta tana wurin likitan kowane yaro, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Mataki na bakwai: ranar girki

Wannan zama uwa da ɗa ne tare, a kicin. Abin da ya shafi kusan kowa shi ne rage gishiri, kuma gishirin da ya fi yawa ɓoyayye ne: dunƙulen magi, garin da ke cikin ledar taliyar yara, yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani, kanwa. A dafa abu ɗaya tare, misali dafa-duka da albasa, tafarnuwa, citta da attaruhu kaɗan, a ga cewa ɗanɗano ba a gishiri kaɗai yake ba.

Sauran hani kuwa na mutum ɗaya-ɗaya ne. Rage ayaba, lemu, dankalin turawa, tumatir da dabino saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu ya shafi wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ko ake yi masa wankin ƙoda. Mai nefrotik da ƙodarsa ke aiki galibi ba ya buƙatar haka. Haka ƙayyade ruwa. Idan kuka ba da doka ɗaya ga kowa, wata uwa za ta hana ɗanta abincin da jikinsa ke buƙata. Wanda aka ƙayyade wa ruwa a koya masa auna na yini da kofin nan, da tsotsar ɗan ƙanƙara da aka yi da tsaftataccen ruwa, ana lissafa shi cikin awon.

Mataki na takwas: zaman iyaye

Dare ɗaya a mako, bayan isha'i, da murya kawai. Na mata daban, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai uwar da dangin miji suka ɗora wa laifin ciwon, ba ta da inda za ta faɗa. Iyaye maza ma a yi musu nasu ko sau ɗaya ne.

Likita ya amsa tambayoyi na gaba ɗaya, kada ya canza wa kowa magani ta waya. Abubuwan da ya kamata a nanata: kada a sayo ibufurofen ko dikulofenak a kemis a ba yaron, suna cutar da ƙoda, idan ƙarambau ko ƙyanda ta shigo gida ko aji, a sanar da likita a ranar, kafin kowane rigakafi a gaya wa mai yi cewa yaron yana shan maganin rage garkuwa. Maganar jiƙe-jiƙe da sassaƙe a yi ta da girmamawa. Kakar da ta kawo su ƙauna ce ta sa ta, amma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da abin da ba a san adadinsa ba. Addu'a kuwa ba ta karo da magani.

A hana tallan magani da neman kuɗi a zauren tun ranar farko, a rubuce.

Idan jiki ya tashi, ko aka yi rashi

Ma'aikaciyar jinya ta riƙe lambar kowane gida. Idan ta lura yaro yana numfashi da ƙyar, ko ya ce cikinsa na ciwo sosai, ko zazzaɓi, ko matsanancin ciwon kai, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ta kira uwarsa a gefe ta ce a tafi asibiti yanzu, ba a gaban sauran yara ba. Wanda aka kwantar kada a cire shi daga sansani. Abokansa su yi masa saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, in ya sami ƙarfi ya shigo daga gadon asibiti ko na minti 5 ne.

Ku tattauna tun kafin farawa abin da za ku yi idan Allah ya karɓi ran ɗaya daga cikinsu, a lokacin sansani ko bayansa, domin a irin waɗannan cututtuka yana faruwa. Kada a sanar a zaure. A fara neman izinin gidan mamacin, sannan a kira kowace uwa ita kaɗai, ita ta gaya wa ɗanta. Wakilai su je ta'aziyya da ƙafarsu. A zama na gaba a ambaci sunansa, a yi masa addu'a, a bar yara su yi tambaya. Wani zai tambaya ko shi ma haka za ta faru da shi. Kada a yi masa ƙarya, kada kuma a tsorata shi: a gaya masa ciwon kowa daban ne, kuma a sanar da uwarsa da likitansa cewa ya yi wannan tambayar.

Rufewa da abin da ke biyo baya

Ranar ƙarshe kowa ya sa rigarsa, ya nuna abu ɗaya da ya iya, a kira sunansa a ba shi lambar yabo da ta dace da shi, takardar kuma ta same shi ranar asibiti. Bayan kwana biyu ku kira kowane gida ku ji abin da ya yi daɗi da abin da ya ba da wahala, ku tambayi yaron da kansa, ba uwarsa kaɗai ba.

Ku karɓo wayoyin aro, ku goge su. Takardun bayanan lafiya a mayar wa iyaye ko a ƙone. Zauren WhatsApp ya zauna, amma masu kula biyu kawai ke iya ƙara mutum. Ku sa zama ɗaya na minti 40 a Asabar ta farko a kowane wata, ku ware kuɗin datarsa tun cikin kasafin farko, kuma ku rubuta sunayen 'yan shekara 15 da 16 da suka nuna ƙwazo, a tambayi iyayensu ko za su yarda su taimaka wa Anti da ƙaramin rukuni a Agusta mai zuwa.